In Ɗaki Ya Tashi, Ina Makomar Kayan Jere?

Yau wata magana nake so mu baje ta a faifai, wadda ta daɗe tana ci mini tuwo a ƙwarya tun ranar da muka raka wata ƙanwata filin jirgin sama na Malam Aminu Kano a ƙarshen shekarar 2022.

Ita wannan ƙanwa tawa 'yar Gwaggona ce. Tun tana aji huɗu na firamare Gwaggo ta fara tara mata kayan ɗaki. In ta ɗauki adashi ta sayi tukwane, in ta sayar da tunkiya ta sayi tangaran, a naɗe da tsumma a tura ƙarƙashin gado. Da aure ya zo mahaifinta ya yi mata gado shida da shida, da sif, da madubi, da kujeru saiti guda. Kwana biyu cur muka yi muna jere a sashen da aka ba ta a gidan iyayen mijin, duk wadda ta shigo ganin ɗaki sai ta riƙe baki. To, ashe rabon zama cikin kayan nan na wata uku ne kawai. Mijin ya sami gurbin ƙaro karatu a birnin Manchesta na ƙasar Ingila, biza ta fito har da ita. A shekarar nan kaɗai iyalan ɗalibai 'yan Najeriya sama da 60,000 aka ba irin wannan biza, kafin gwamnatin Birtaniya ta taƙaita abin daga watan Janairu na 2024.

Da aka zo awon kaya, sai ma'aikacin ya ce jaka biyu ce haƙƙinta, kowace kilo 23. Nan a gaban jama'a aka buɗe akwati ana fitar da kuloli da faranti ana miƙo mana. Gwaggo ta tsaya tana kallo, can sai ta juyo ta ce da ni, "Yanzu 'yar nan haka za ta tafi gidan miji da akwati biyu, sai ka ce 'yar makarantar kwana? Duk wahalar da na sha ta shekara goma sha biyar, kilo arba'in da shida ke nan?"

Ban iya ba ta amsa ba a ranar. Amma tambayar ta bi ni har gida, ta kwana da ni ta tashi da ni. Shin mene ne yake mai da wuri ya zama ɗakin mace? Idan aka raba ta da kayanta, me ya rage mata? Kuma wadda ta je baƙuwar ƙasa, don wa za ta yi jere?

MENE NE KAYAN ƊAKI A WAJENMU?

Kafin mu bi ta Ingila, bari mu fara duba gida. Kayan ɗaki sun sha sauya kama. Kakanninmu da ƙorai da akussa aka yi musu jere, a rataye a ragaya, gadon kuwa na kara ne ko na ƙasa. Aka zo zamanin tasoshin tagulla irin na Bida, sannan kwanukan fenti, su langa da kwalla da fanteka, a jera su tun daga ƙasa har kusa da rufi. Bayansu gadon ƙarfe mai rumfa ya shigo, fomeka ta kore shi, kabet da tangaran suka karɓi fage. Yau kuma sai kuloli da kayan wuta. Kowane zamani yana yi wa na bayansa dariya, alhali abin da ake nufi da su bai taɓa sauyawa ba.

A ganina aiki uku kayan ɗaki suke yi wa mace. Na farko amfani: abin kwanciya, abin zama, abin girki. Na biyu shaida ce, wato dangin miji da kishiyoyi da maƙwabta su gani su san cewa yarinyar nan tana da gata, ba daga sama ta faɗo ba. Na uku kuwa dukiya ce. Kayan nata ne ita kaɗai, in rana ta ɓaci ta ɗaga wani abu ta sayar, in aure ya mutu mota ake kawowa a kwashe mata, in ta riga mu gidan gaskiya magadanta su raba. Saboda nauyin abin ne ma 'yan mata da yawa suke daɗewa a gida, ga manemi ga shi an shirya, amma uba ba shi da halin gado da katifa. Shi ya sa ko a auren gata da gwamnatin Kano ta yi wa ma'aurata 1,800 a watan Oktoba na 2023, gado da katifa suna cikin abin da aka fara ba amare.

To ki riƙe waɗannan ukun a ranki, 'yar'uwa, domin ita tafiya ƙasar waje raba su take yi ɗaya bayan ɗaya. A gida a cure suke wuri guda, ba ma iya bambance su. Sai an ɗora su a kan sikelin jirgi sannan ake gane wanne ne wanne.

ABIN DA TA TARAR

Manchesta gari ne da ya yi suna da masaƙun auduga tun ƙarni na 19, yadinsa har kasuwanninmu ya riƙa zuwa. Yawancin tsofaffin gidajensa na jan bulo ne, a manne da juna layi-layi, an gina su ne domin leburorin masaƙu. A saman irin wannan gida suka sami haya, ciki da falo da ɗan kicin wanda mutum biyu ba sa iya gilmawa a cikinsa. Matakalar kuwa siririya ce mai lanƙwasa. Ta ce da ni a waya, "Yaya, wallahi ko da an kawo gadona, sai dai a fasa bango." Gadon ma'aurata da aka saba da shi a can faɗinsa ƙafa huɗu da rabi ne, ko zannuwan gadon da ta matsa a akwati sai da ta ninka su.

Gidan da kayansa suka kama shi, domin can ana ba da haya iri biyu, da kaya ko wayam. Ranar shiga aka miƙo musu takarda an lissafa komai, kujera, tebur, labule, har cokula, da tabon da yake jikin kafet. Suka ba da kuɗin ajiya wanda dokar Ingila ta 2019 ta ce kada ya wuce hayar mako biyar. Ranar fita za a sake bin takardar nan, abin da ya lalace a cire daga kuɗin. Ko ƙusa ba ta da ikon bugawa a bango sai da izinin mai gidan hayar.

Kwana uku da sauka ta ce bari ta kori warin baƙunta, ta kunna gawayi ta zuba turaren wuta. Kafin ka ce kwabo wata na'ura da ke manne a rufi ta ɗauki kururuwa, ashe ta jin hayaƙi ce, doka ta wajabta wa masu ba da haya su sa ta a kowane hawa. Ɗan ƙaramin turmin da ta sha faɗa kafin a bar ta ta taho da shi, ranar da ta fara jajjage maƙwabcin ƙasa ya hawo yana tambaya ko lafiya. Ga shi watan Disamba ne, kafin ƙarfe huɗu na yamma rana ta faɗi, ga sanyi mai ratsa ƙashi. Ta zauna a kujerar da ba tata ba, tana kallon labulen da ba ita ta zaɓa ba, ta yi kuka har ta gode Allah. Abin da ta ce da ni ba zan manta ba: "Yaya, ni fa ji nake kamar a asibiti aka kwantar da ni."

Kada wata ta ce shagwaɓa ce. Hausawa sun ce zanen aro ba ya rufe katara. Yarinyar da aka raina a kan cewa ɗakinta shi ne mutuncinta, rana ɗaya ta farka a ɗakin da ko cokali ba nata ba ne, dole zuciyarta ta girgiza. Abin dubawa shi ne me za ta yi bayan kukan. A nan ne mata suke kasuwa gida biyu, kuma duka biyun akwai rami a gabansu.

RAMI NA FARKO: JERE DON IDON WAYA

Wata da ta share hawaye sai ta ce wallahi sai ta rama. Sai ta tasa miji a gaba, a sayi manyan kujeru, a sayi talabijin mai cin rabin bango, a sayi tebur mai kujera shida a gidan da mutum biyu ne. Kuɗi kuwa babu, amma can bashi a bakin ƙofa yake, ga katin banki, ga kantuna masu cewa ɗauki yau ka biya a hankali. Miji ɗalibi ne ko sabon ma'aikaci, ga haya, ga kuɗin ɗumama gida, ga 'yan'uwa a gida sun zuba ido. Tun da aka saki Naira a watan Yuni na 2023 darajarta ta zube, har a 2024 Fam ɗaya ya haura Naira 2,000. Wato kujerar Fam 500 a lokacin ta kai Naira miliyan guda. Wanda ake aiko masa da kuɗin makaranta daga gida, ki auna irin nauyin da aka ɗora masa.

In kika tambaye ta don wa ta yi, ba za ta iya nuna mutum ɗaya a garin ba. Maƙwabtanta ba sa shigowa, in ma sun shigo ba ruwansu da kujerarta. Masu kallon suna can Kano da Zariya da Maraɗi, ta cikin waya. Don hoton da za ta ɗora a WhatsApp a ce "Kai, wance ta huta," shi ne za a shekara biyu ana biyan bashi, miji ya dawo daga aikin dare fuska a murtuke, magana kaɗan ta zama faɗa. Masu yabon nan kuwa daƙiƙa biyar suka kalla suka wuce, wasu ma tsaki suka yi.

Ki tuna aiki na biyu da na ce kayan ɗaki suna yi, wato shaida. A gida shaidar tana da ma'ana, domin waɗanda aka yi don su suna nan, da su za ki zauna, su ne za su raina ki ko su girmama ki. A can babu su. Jere don mutanen da ba sa nan kamar kwalliya ce a cikin duhu. Kuma duk ranar da za a tashi, kayan nan kaya ne a ka: sayarwa sai da faɗuwa, zubarwa a bakin titi laifi ne da ake cin tara a kansa.

RAMI NA BIYU: ZAMAN GOBE-ZA-MU-KOMA

Wata kuma akasin haka take yi. Ita a ranta ɗakinta yana can gida a kulle, nan kuwa zango ne. Ƙanwata ta ba ni labarin wata baiwar Allah da ta tarar a can, shekararta tara a garin, 'ya'yanta uku duk can aka haife su, amma har yau tufafinsu a cikin jakunkuna suke, bango fayau, abinci a kan gwiwa ake ci. In aka yi mata magana sai ta ce, "Ai mu baɗi za mu koma, me zan saya?" Baɗin nan tara ta wuce.

Wannan ta tsira daga bashi, amma ta yi wata asarar da ta fi bashi, domin shekarun da take cewa na jira ne, su ne rayuwar tata. Ƙuruciyar aurenta a nan ta ƙare. Yaran nan ba su san wani ɗaki da ke kulle a Kano ba, wannan da suke ciki shi ne gidan uwarsu, shi za su riƙa tunawa in sun girma. Wane irin tuni aka bar musu? Shi ma maigida da yake fita cikin sanyi tun duhu ya dawo cikin duhu, yana da haƙƙin ya shigo wurin da zai ji ya dawo gida. Ko Bafillatana da take tashi da shanu duk bayan 'yan watanni, in aka sauka sai ta kafa gadonta ta jera ƙoranta tsaf, ba ta cewa ai tashi za mu yi. Ta san inda dare ya yi wa mutum nan ne gidansa na wannan daren.

MAGANAR GWANJO

Tsakanin ramukan nan biyu akwai hanya, sai dai tana bi ta wata ƙofa da muke jin kunyarta. A Ingila sayen kayan gida na hannu ba abin ɓoyo ba ne. Akwai shagunan ƙungiyoyin agaji, irin su British Heart Foundation mai tara kuɗi don binciken ciwon zuciya, inda mutane suke kai kujeru da gadaje da tebura kyauta, a sayar da arha. Ba sa ma karɓar kujerar kushin sai da tambarin kariya daga gobara a jikinta, kamar yadda dokar 1988 ta tanada. Wasu kuma a Facebook suke tallar kayansu, wani ma cewa zai yi zo ka ɗauka kyauta. Mai son sabo kuma ga IKEA, kamfanin da Ingvar Kamprad ya kafa a ƙasar Suwidin a 1943, wanda ya buɗe shagonsa na farko na Birtaniya a Warrington kusa da Manchesta a 1987. Su kayansu a kwali suke zuwa a shimfiɗe, kai za ka ɗaure da kanka, shi ya sa suke hawa kowace irin matakala.

Ranar da mijin ƙanwata ya kai ta irin shagon agajin nan, ta ce ƙafarta har rawa take, tana waige kada wani ya gan ta. "Ni da aka yi wa kaya 'yan ubansu, yau ni ce a gwanjo?" Sai ga wata malamar jami'ar mijin ta shigo tana taya wata fitila, suka gaisa, ko a jikinta.

Abin tambaya a nan, ita kunyar daga ina take? Tebur dai tebur ne, bai san wanda ya fara cin abinci a kansa ba. Kunyar a idon mutane take zaune, in idon ya kau sai ta bi shi. Ba ina cewa kunya banza ce ba, kunyar da take hana mutum ƙarya da cin amana ado ce. Amma wadda take hana mace sayen abin da take da hali, ta tura ta cin bashin abin da ba ta da hali, wannan girman kai ne ya yafa mayafin kunya. In ka je gari ka ga kowa da jela, kai ma nemi ka ɗaura. Abu ɗaya dai zan ce a yi hattara da shi, katifa da matashi a daure a sayi sababbi saboda tsabta da kuɗin cizo.

AMMA FA IYAYENMU BA WAUTA SUKA YI BA

Na san wata za ta karanta zuwa nan ta ce, ashe dai kayan ɗaki wahalar banza ce, gara a daina. A'a 'yar'uwa, dakata. Mun ga amfani ana samunsa da arha, mun ga shaida ba ta da masu kallo a can. Saura na uku, dukiya, kuma shi ne wanda Gwaggo take yi wa kuka ko da ba ta faɗa da baki ba.

Ki duba halin matar da ta bi miji ƙasar waje. Takardar zamanta a jikin tasa take rataye. Gidan haya ne, kayan ciki na mai gidan ne, asusun banki sau da yawa na miji ne. Ba uwa, ba uba, ba wan da zai zo ya tsaya mata. Muna fatan alheri, amma aure ɗan zaman yau da gobe ne, ga ciwo, ga mutuwa, ga sauyin hali. A gida in abu ya faru tana da abin da za ta nuna ta ce wannan nawa ne. A can fa? Macen da ta fi kowa buƙatar abin hannunta ita ce wadda ta yi nisa da danginta, sai ga shi ita ce take tafiya hannu rabbana.

Don haka hikimar iyayenmu tana nan daram, siffarta kawai ya kamata a sauya. In an san yarinya tafiya za ta yi, me zai hana kuɗin gado da sif da kujeru a saya mata zinari, ko fili da takarda da sunanta, ko a buɗe mata asusu nata na kanta? Zinari ba ya cika akwati, fili gara ba ta cin sa. In sana'a take da ita, a ƙara mata jari ko ilimin da za ta yi aiki da shi a can. Gida biyu maganin gobara. Na san abin da yake hana iyaye, tsoron bakin mutane ne, kada a ce ba su yi wa 'yarsu komai ba. To ita uwa sai ta zaɓa, tsakanin bakin mutane na kwana bakwai da rufin asirin 'yarta na shekaru.

KAYAN DA AKA BARI A BAYA

Ɗakin ƙanwata shekara biyu yana kulle. Da damina ta biyu ta wuce aka buɗe, sai aka tarar rufi ya yi yoyo, katifa ta yi funfuna, gara ta fara cin bayan sif, ɓeraye sun yi gida a cikin kushin. A daidai lokacin kuma ƙanwarta mai bi mata an sa mata rana, mahaifinsu ya yi ritaya, kayan katako sun yi tashin gwauron zabo.

Nan aka rabu biyu a dangi. Wasu suka ce a kwashe kawai a yi wa ƙaramar jere, ai duk ɗaya ne. Gwaggo ta ce sam, ba mai taɓa ko cokali sai da yawun mai shi. Kuma gaskiyarta, domin in aka fara ɗibar kayan mace don ba ta nan, an rushe ma'anar kayan ɗaki gaba ɗaya, kyauta ta koma aro. Amma ita ma mai kayan akwai tambayar da ta hau kanta: daidai ne ki kulle abin da ba kya amfani da shi, yana ruɓewa, alhali 'yar'uwarki ciki ɗaya tana neman rabinsa? Mallaka haƙƙi ce, ba mai ƙwace miki. Sai dai abin da aka kulle har ya lalace bai amfani mai shi ba, bai amfani kowa ba.

Da aka kira ta, ta yi shiru, sannan ta ce, "Umma, a ba ta gadon da kujerun da kayan kicin, na ba ta har abada. Sif da firij a sayar a saya mini 'yan kunne da zobe a ajiye. Tasar nan ta Kaka kawai nake so a adana mini." Gwaggo ta ce a ranar ne ta san 'yarta ta girma.

TO ME ZA A SA A AKWATI?

Ga wadda tafiya ta kama, shawarata ita ce kada ki ɓata kilonki a kan abin da kowace kasuwa ta duniya take da shi. Faranti da kofi da bargo suna can. Ɗauki abin da babu, wanda kuma in kin gan shi za ki ga gida: muciya da maburgi, madambaci in zai shiga, tabarma ko darduma, buta, zannuwan atamfa biyu ko uku da za ki mayar labule ko rigar matashi, turarenki da ɗan kaskon lantarki mai ƙaramin hayaƙi, kuka da kuɓewa busasshiya da daddawa a ɗaure da kyau. Kilishi da dambun nama da man shanu kuwa ki haƙura, dokar Birtaniya ta hana matafiyi shiga da nama da kayan madara daga ƙasashenmu, ƙwacewa za a yi. Kayan wuta, Ingila ƙarfin lantarkinsu da bakin soket ɗinsu irin namu ne, amma mai zuwa Amurka ta bar nata a gida, domin wutarsu 120 ce, tamu 230.

In kin sauka kada ki yi gaggawa. Fara da wurin kwana, sai abin girki, sai wurin da za ku zauna ku ci abinci tare. Sauran ki bari sai kin yi wata biyu ko uku kin fahimci gidan, kin san inda rana take shigowa da inda sanyi yake zama. Auna ƙofa da matakala kafin ki sayi komai. Ranar shiga ki ɗauki hoton duk wani tabo domin kuɗin ajiyarku. Kada ki sayi abin da in an ce ku tashi wata mai zuwa zai sa ki kuka, kada kuma ki hana kanki ɗan abin da zai sa ki murmushi kullum don kawai ana cewa za a tashi. Sannu-sannu ba ta hana zuwa.

Da ƙaramar Sallar 2024 ƙanwata ta kira mu ta bidiyo. Falon nan dai shi ne, kujerar mai gidan haya tana nan, an lulluɓe ta da atamfa. An jingine ɗan teburin gwanjo a bango, an shimfiɗa tabarma, mata sun fi goma a zaune a ƙasa gwiwa na gugar gwiwa, 'yan Kano da 'yan Sakkwato da wata 'yar Damagaram, har da maƙwabciyarta 'yar Pakistan, ana cin tuwon shinkafa da miyar taushe, yara suna tsallake ƙafafun mutane. Gwaggo ta karɓi wayar ta ƙura ido, ni kuwa ina jira in ji ta tambayi labule ko kafet. Sai ta ce, "Duk waɗannan wajenki suka zo?" Ta ce, "E, Umma, kowace Sallah nan ake haɗuwa." Gwaggo ta goge ido da bakin mayafi ta ce, "To madalla. Ki ƙara musu miya, na ga ta can gefe kwanonta ya bushe."

Ban ce Gwaggo ta daina jin zafin kayan nan ba, har gobe in aka tuna sai ta yi ajiyar zuciya, kuma tana da hujja, guminta ne. Amma ƙaramar da za ta aurar nan gaba, in mijin na tafiya ne, ta riga ta faɗa da bakinta cewa fili za ta saya mata.

Ke kuma 'yar'uwa, ko tafiya tana gabanki ko babu, ki shiga ɗakinki yau ki dube shi da kyau. Ki ware abin da kike amfani da shi, da abin da kika ajiye don ranar buƙata, da abin da yake nan don idon mutane kawai. Sannan ki tambayi kanki, da za a ce gobe kilo 46 ne rabonki, me za ki ɗauka?

Allah ya zaunar da mu lafiya a ɗakunanmu, na gida da na nesa, ya kai matafiya lafiya ya dawo mana da su lafiya. Amin.